Matar Nan Mai Buga Takalma

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa, ko da yake in aka bi diddigi kakarki da kakata ne ’yan ɗaki ɗaya, mu kuwa naci ne kawai ya riƙe mana zumuncin. Yaya jiki? Yaya kunnen? Ina fata kina sa na’urar da likita ya ba ki, ba kin jefa ta a gwangwanin maɓallai ba kamar wancan karon. Saboda kunnen nan naki ne har yau nake ɓarnar tawada a zamanin da kowa ke maƙale da waya. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke tuna min shekaruna duk sanda na hau tsani zan ɗauko littafi a kantar sama. Ɗakin karatun makarantarmu yana nan yadda kika san shi: yara na shigowa shan fanka, littattafai na kallonsu.

Kin ce in riƙa ba ki labarin finafinai tunda ke ko kin je ba kya jin abin da ake faɗa. To ga na watan nan, waɗanda muka kalla a silima ni da Tela maƙwabciyata.

Akwai wani na soyayya. Jarumin kyakkyawa ne, ban hana shi ba, amma fuska ɗaya tak ya zo da ita duniya. Da ita aka ce masa ya ci jarrabawa, da ita aka ce masa uwarsa ta rasu. Na ce wa Tela da ƙofar ɗakina suka sa a wurinsa da ta fi shi, ita ko ba komai tana ƙara in an taɓa ta. Sai wani na ’yan sanda. Wanda ya fito a ɓarawo ya fi kowa iya wasa, shi ya sa suka harbe shi tun fim bai kai rabi ba, aka bar mu da mutanen kirki suna ta gundurar da mu har aka tashi.

Na ƙarshen shi ne ya ɓata min rai. Labarin wata mai kantin takalma ne, mijinta ya rasu ya bar ta da ’ya ɗaya. Dattijuwar ’yar wasan nan ce ta fito a uwar, wadda muka saba gani tana fitowa a kaka mai sa albarka. Yaya, wannan ba uwa ba ce, reza ce aka ɗaura wa ɗankwali. Yarinya ta kawo sakamako ta zo ta biyu a aji, uwar ta dube ta ta saman gilashi ta ce, “Wanda ya zo na ɗayan kai biyu gare shi?” In aka kawo mata maganar da ba ta so, sai ta ce “madalla” da wata murya da za ta tsinke madara. In kuma ranta ya ɓaci sosai, sai ta ɗauki takalma biyu tana buga tafinsu da juna, wai ƙura take kakkaɓewa, tana bugu tana faɗa, yarinya na tsaye kamar an dasa ta. Mutane na ta dariya, wata a bayanmu kuma har da jan majina. Tela sai satar kallona take yi, na ce mata ta dubi gabanta, ba a fuskata ake nuna fim ɗin ba.

Hukuncina shi ne ’yar wasan ta cika gishiri, kuma wanda ya rubuta labarin bai taɓa zama gida ɗaya da uwa ba. Ba a yi irin wannan matar ba a duniya. Ana gamawa na ja Tela muka fita don kada bas ta cika.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. ’Yarki, ina nufin wadda na haifa na aiko miki ta yi karatun haɗa magunguna, ta watsar ta bi ’yan fim tana riƙe musu jaka ko lema ko ma mene ne aikinta. Kin san tun ranar da ta zo ta faɗa min ta bar karatu muka yi ta ba daɗi, ba mu sake magana ba. Na kira ba ta ɗauka ba, ni ma na daina kira. Za a ba mu hutu nan ba da jimawa ba. Ina so ta zo gida. Ba zan roƙe ta ba, ni na haife ta. Na sa an yi wa ɗakinta fenti, ba don ita ba, bangon ne ya fara ɓarewa. Ki faɗa mata kamar daga bakinki maganar ta fito.

Taki,
Barkono (tunda kin ƙi barin sunan nan ya mutu)

*

Barkono ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. Kunne yana nan yana hutawarsa. Na’urar nakan sa ta in baƙi sun zo, in sun fara maganar siyasa in zare ta a hankali. Gwiwar nan ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, ki kuma bar hawa tsani. Makarantar ba ta da maza ne?

Na yi dariyar mai fuska ɗaya har na sarƙe. Ni kin san da an kashe fitila a silima barci nake, amma na mai takalman na kalle shi ido biyu daga farko har ƙarshe.

Abin da kika ce in yi ban iya ba. Na tsufa da wasan “kamar daga bakina”. Miƙa mata wasiƙar na yi ta karanta da kanta. Tana zaune a kujerar bakin taga, ta yi ta dariya wajen ƙofar ɗakinki da ɓarawon da aka harbe. Da ta kai kan na ƙarshen sai dariyar ta ɗauke. Ta karanta wurin ta sake karantawa. Ta tashi ta shiga kicin ta wanke kwanonin da na riga na wanke. Da ta fito ta ce, “Inna, ki tambayi Mama ko ta tsaya ta ga sunayen da ake rubutawa a ƙarshe.”

To ga shi na tambaye ki.

Batun zuwa, ba ta ce a’a ba. Maganar fentin ma sai da ta sa yatsa a kan layin ta daɗe tana kallo. Cewa ta yi tana so ta zo, amma sai kin san wadda za ki buɗe wa ƙofa. Ni dai shawarata, ki koma ki sake kallon fim ɗin, ki bar bas ta cika ta tafi, wata za ta zo. Kuma kafin nan ki riƙe ra’ayinki a bakinki, kada ki raba shi a gari kamar yadda kika saba. Na san wa nake faɗa wa, amma dai na faɗa.

Ki gaida Tela, baiwar Allah mai haƙuri.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Gwiwa ta yi sauƙi. Sauran jikin ne ban san inda zan sa shi ba.

Wasiƙarki ta ba ni haushi, don na tsani a yi min magana a dunƙule, shi ya sa ban koma silimar da wuri ba. Ina ma na koma.

Ranar Litinin lokacin tara na shiga ɗakin malamai da littattafan da na karɓo daga wani aji, a rungume. Na tarar ana hirar fim ɗin. Ina shiga aka yi tsit. Malamin lissafi, don ya kore shirun, ya ce, “Malama, ko kin samu kin kalla?” Ai kuwa kamar jira nake. Na dire littattafan a kan tebur na fara. Na ce ’yar wasan ta cika gishiri. Na ce marubucin jahili ne. Na ce a nuna min mace ɗaya mai hankali a duniyar nan da za ta riƙa buga abu da abu tana yi wa mutum faɗa. Ina cikin faɗa raina na ƙara hawa, sai na ji wata ƙara tana bin maganata, faf, faf, faf. Na ga ƙura na tashi a hasken taga. Shayi ya fito wa Malamin lissafi ta hanci. Sabuwar malamar tarihi ta cusa fuskarta cikin jaka kamar tana neman wani abu a can ƙasa.

Na dubi hannuwana. Ƙamus a dama, littafin taswira a hagu.

Yaya, na ajiye su. Na ce “madalla”. Wallahi ban yi niyya ba, fitowa ta yi. Wani ya yi wani sauti kamar an taka kyanwa. Ban san yadda na kai ƙofa ba.

Ana tashi na wuce silima ni kaɗai, nunin la’asar, mutane ba yawa. Na zauna har aka kunna fitilu, mai shara na zagaye ƙafafuna da tsintsiya. Ga shi nan a rubuce, manyan baƙaƙe, wanda ya rubuta labari. Sunan da na zaɓa mata da kaina, da sunan marigayi ubanta a gefe. Ashe ba lema take riƙewa ba. Kuma kin sani. Kin bar ni ina ta zuba.

Da na sake kallo sai na ga ba abin da ta bari. Maganar kai biyu tawa ce. Igiyar gilashin tawa ce. Yadda matar ke gyara wa mutum magana yana tsakiyar ba ta haƙuri, nawa ne. Ta mayar da littattafai takalma kawai, wai ta rufa min asiri. Har ranar da muka rabu ta sa. Yarinyar cikin fim ta ɗauki jaka tana kuka, uwar ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, “Ki ja min ƙofar a hankali, ita ba ta yi miki komai ba.” Mu biyu ne kaɗai a falo ranar da na faɗi wannan. Yanzu duk mai tikiti ya ji.

Na je na tsare Tela a kan keken ɗinkinta. Ta ce, “Wallahi maƙwabciya, tun da matar nan ta ce madalla na so ƙasa ta tsage in shige.” Na ce don me ba ki faɗa min ba? Ta ce, “In faɗa miki? Ina da ’ya’ya ƙanana.” Mai kayan miya na kwanar layinmu jiya ce min ya yi, “Malama, ya kasuwar takalma?” A ɗakin karatu ina jin yara a bayan kantoci suna faf, faf, in na leƙa kowa ya duƙufa yana karatu. Abin da na kasa sa su yi tun da na kama aikin nan, ’yarki ta sa su yi a wata guda. Yanzu ta bayan gareji nake zagayawa in zan je aiki.

Na karanta tarihin marubuta da yawa, na san yadda suke yanka danginsu su dafa su sayar. Ina karantawa ina jinjina musu. Ban taɓa kawo wa raina wata rana ni za a ɗora a kan faranti ba. Da wane izini? Wa ya ce mata abin da aka yi a cikin ɗaki nata ne ita kaɗai? Na ci wahalarta, na tsaya mata ni ɗaya, abin da ta adana daga shekarun nan duka shi ne faf, faf?

Amma ba wannan ne ke hana ni cin abinci ba. Da a ce na gane kaina na yi fushi, da da sauƙi. Zama na yi na kalli matar nan daga farko har ƙarshe, na tsane ta tsakani da Allah, na zo gida na rubuta miki cewa reza ce. Kuma kika ba yarinyar ta karanta.

Maganar hutu a jingine ta. Ba na so mu haɗa ido.

Barkono

*

Yaya,

Lafiya kuwa? Shirun ya yi yawa. In jiki ne ki sa wani ya rubuto min layi biyu. In fushi ne ki faɗa, na fi iya shi. Mai kai wasiƙu ya fara tsallaka titi in ya hango ni.

An ba mu hutu. Gidan shiru, sai warin fenti.

Na je silima ranar Asabar, Tela ta ce tana da ɗinkin gaggawa, na san ƙarya take. Fim ɗin yaƙi ne. Akwai wani kwamanda mai yi wa sojojinsa tsawa, a da da na cika miki shafi guda a kansa, don gashin bakinsa ma ya fi shi iya wasa. Amma ina kallonsa sai na kama kaina ina tunanin ko baban wa ne, ko yana zaune a wata silimar yana cewa ba a yi irin wannan mutumin ba. Na kasa yanke hukunci. Ni! Na fito ba ra’ayi kamar wadda ta je kasuwa ta manta jaka. Ko wannan ma ’yarki ta ƙwace min.

Tana cin abinci? Ciwon kan nan nata na gefe ɗaya yana tashi? Ba cewa na yi ki faɗa mata na tambaya ba.

Ki amsa min.

Barkono

*

Barkono,

Lafiyata ƙalau. Fushi ne, tunda kin ce kin fi iya shi. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga, don abin da ke bakina a lokacin ba na aikawa ba ne.

Wasiƙarki mai labarin ɗakin malamai, ba ni na ba yarinyar ba. Ta gan ta ne a kan firji, ta san rubutunki, ta tsaya a kaina har na miƙa. Duk zagin da kika yi ta shanye, har da gyaɗa kai. Ta ce, “Mama tana da gaskiya, ban nemi izini ba.” Wajen ɗakin malamai ta rufe baki da hannu, ban san dariya ce ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Layin ƙarshe ne ya kayar da ita. Ta ce, “Inna, ta ce ba ta son ganina.” Na ce ba haka uwarki ke nufi ba, kunya ce ta kama ta. Ta ce, “Mama ba ta rubuta abin da ba ta nufi. Ita ke gyara wa mutane magana.”

Ga abin da ya biyo baya. An riga an ba ta aikin rubuta wani sabon fim. Ta je ta ce wa mai shiryawar ta fasa. Mutumin ya ce ta je ta yi tunani zuwa ƙarshen wata, in ba ta dawo ba zai ba wani. Ta kuma je tsohuwar makarantarsu ta tambayo yadda ake komawa. Ta ce in ta koma karatun magani, ko ba yanzu ba, wata rana za ki iya kallonta. Kin ga kin samu abin da kike so tun farko, ko roƙo ba ki yi ba. Sai dai yarinyar da za ki samu ba ita ce wadda ke cika min gida da surutu tana gwada min muryoyin mutane ba. Wannan ninke kaya kawai take tana warwarewa. Abinci tana taɓawa. Ciwon kan ya tashi, na ba ta magani.

Tunda ana fallasa, ga nawa kason. Dattijuwar ’yar wasan nan ta zo gidan nan kafin su fara ɗauka, wai tana son ta ji labarin matar daga bakin wanda ya san ta. Ta kasa gane bugun, tana yi kamar mai tafi. Ni na cire silifas ɗina na nuna mata, a tsakiyar falona, har da kallon saman gilashi. Muka yi ta dariya. A lokacin ban ga aibu ba. Da na karanta zancen mai kayan miya sai da na kasa kallon silifas ɗin. Ki zage ni yadda kike so, na ci.

Abu ɗaya zan ce game da fim ɗin, tunda ke ce mai hukunci ni ’yar kallo. Ban ji ko kalma ɗaya ba, kin sani. Fuskoki da hannuwa kawai na gani. Abin da na gani shi ne mace da duk sanda yarinyar ta juya baya, sai ta bi ƙeyarta da kallo kamar za ta haɗiye ta don so. ’Yar wasan ba ta ƙirƙiro wannan ba, a rubuce aka ba ta. Ke bakin matar kika saurara, don naki ne.

Yanzu ki faɗa min a fili, ba barkono ba gishiri: “ba na so mu haɗa ido” ƙi ne ko kunya? Kuma me kike so ta yi da aikin? Wata ya kusa ƙarewa.

Yayarki, mai silifas

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Gwiwa lafiya. Maganar silifas za mu yi ta ranar da muka haɗu, ki tanadi na’urarki, ina so ki ji komai.

Wasiƙarki ta iso da hantsi. Na karanta a tsaye. Ba zan ɓoye miki ba, da na kai wajen komawa makaranta sai da na yi murna. Na hango ta da farar riga a bayan kantar magani, na hango kaina ina bi ta gaban mai kayan miya kai a sama. Na zauna da murnar nan na ɗan lokaci, sai ta fara yi min ɗaci a baki. Wato in mayar da ’yata karatu da layi ɗaya da na rubuta cikin borin kunya. Ko matar cikin fim ɗin ba ta kai nan ba.

Sun kusa sauke fim ɗin nata a silima, sai na sake zuwa. Na gwada hanyarki, na toshe kunnuwana da auduga. Na ga abin da kika ce. Kada ki tambaye ni komai a kai. Yaron da ke duba tikiti dai ya kawo min ruwa ban roƙa ba.

Da aka kai rabi na cire audugar na koma aikina. Ga hukunci na gaskiya, na janye na farko. Dattijuwar ba ta cika gishiri ba, ta ma rage. Kunyar tana nan, ba ta je ko’ina ba, har yanzu ta bayan gareji nake bi, kuma ban san da wace fuska zan koma ɗakin malamai ba. Amma wannan matsalata ce, ba ta hana fim ɗin zama mai kyau ba.

Shafin da ke biye ba naki ba ne. Ki miƙa mata, kada ki ajiye a kan firji. Na ba direban motar safe wasiƙar don ta riga ƙarshen wata isowa.

Ke,

Kunya ce. Ba ƙi ba ne. Na rubuta jimla mara kyau, na bar mai karatu yana laluben ma’ana, abin da nake jan kunnen yara a kai. Ki adana wannan shafin, ba za ki sake ganin na amsa irin wannan ba.

Na kalli aikinki. Kin iya. Uwar ta fito mutum, har ta fi ƙarfin wadda aka kwaikwaya ta gane ta. Amma yarinyar ba ta fito ba. Kin sa ta tsaye tana sunkuyar da kai tana zubar da hawaye kamar ’yar tsana da aka bari a ruwan sama. Wace ce wannan? Wadda na raina a gidan nan tana mayar da magana kafin in rufe baki. Ta taɓa ce min in ina son na ɗaya in haifi wani. Ta buga ƙofar nan har sai da aka kira kafinta. Wani lokacin ma ita ke da gaskiya, kuma ta san haka, shi ya sa zama da ita ke da wuya. Kin yi jarumta a kaina, kin yi ragwanta a kanki. Marubucin da ke tausaya wa kansa bai gama koyo ba. Ki gyara a na gaba.

Wato akwai na gaba. Ki koma wurin mutumin nan ki ce masa kin fasa fasawa, kafin ya ba wani sakarai da zai cika shi da masu fuska ɗaya. Karatun magani ni na so shi, ke ba ki taɓa so ba, kuma ba na son a riƙa ba marasa lafiya magani da hannun da aka tilasta.

Ban yafe rashin neman izini ba tukuna. Wannan sai a zaune, ina faɗa kina mayarwa, yadda muka saba. Hutun bai ƙare ba. In kika bar aikin nan saboda ni, kada ki kuskura ki tako min gida.

A’a. Na soke wannan layin, kin ga na ja masa biro. Ko kin bari, ko ba ki bari ba, ki zo. Ki faɗa min motar da za ki hau, zan je tasha da kaina.

Mamanki